Auna Ciwon Haƙori ga Wanda Ba Ya Iya Faɗa: Wace Hanya Ta Dace da Wane Marar Lafiya?

Aikin ɗakin haƙori da tambaya uku yake farawa: ina ne ke ciwo, tun yaushe, kuma me ke tayar da shi. Mai baki yakan amsa su cikin minti biyu, har ya ɗora yatsa a kan haƙorin. Amma a cikin masu jiran layi kowace safiya a nan Maradi akwai waɗanda ba za su amsa ko ɗaya ba. Akwai tsohuwar da gigin tsufa ya kama, da dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki ya tafi da maganarsa, da saurayin da sanƙarau ya kurmantar tun yana ƙarami, da yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, da ɗan shekara biyu wanda bai iya komai ba sai kuka, har da makiyayin da ya taso daga arewacin Dakoro wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya, IASP, lokacin da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta bayyana cewa kasa faɗa ba hujja ba ce ta rashin ji. Abin da ya rage wa ma'aikacin lafiya da iyalin marar lafiya shi ne zaɓen hanyar da za a bi a gano ciwon, kuma hanyoyin ba darajarsu ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce wadda aka fi saurin tsallakewa, wato a tambayi marar lafiyar da kansa. Sau da yawa ma'aikaci yana ganin an riƙo hannun mutum an shigo da shi sai ya juya ga ɗan rakiya, ya bar mai ciwon zaune kamar kaya. Wannan kuskure ne, domin da yawa daga cikin waɗanda shanyewar jiki ta hana magana suna fahimtar abin da ake faɗa musu, kurma kuwa hankalinsa garau yake. Ana iya cewa mutum ya matse hannu idan amsar e ce, ko ya nuna gefen da ke damunsa a fuskar likita. Sai dai kafin a dogara da amsarsa, ya kamata a gwada shi da tambayoyin da aka riga aka san amsarsu, kamar a kira shi da sunan da ba nasa ba a ga ko zai ƙi, saboda wasu masu wannan lalura suna musanya e da a'a ba da saninsu ba.

Idan an tabbatar yana fahimta, sai maganar ma'auni. Na lamba, wanda ake cewa mutum ya zaɓa daga 0 zuwa 10, da na ƴar rula mai layin santimita 10, ba su cika yi mana aiki ba, domin wanda bai saba da sanya wa abin da yake ji lamba ba zai ce goma don a kula da shi da wuri, ko ya ce ɗaya don kada a cire masa haƙori. Kalmomi huɗu sun fi su amfani: babu, kaɗan, da dama, ƙwarai. Ga wanda ba ya ji ko ba ya jin Hausa kuwa, hotunan fuskoki ne mafita, kuma iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Na Wong da Baker, wanda wasu ma'aikatan kula da yara a asibiti su biyu suka tsara a Amurka a shekarun 1980, fuskoki shida ne, ta farko tana murmushi, ta ƙarshe tana zubar da hawaye. Ɗayan, wanda ake kira FPS-R, an fitar da shi a 2001, shi ma fuska shida ne masu maki 0, 2, 4, 6, 8 da 10, amma babu murmushi babu hawaye, sai yamutsewar fuska da ke ƙaruwa daga hagu zuwa dama.

Bambancin yana kama da ƙarami, amma a ƙasar da ake yabon dauriya babba ne. An taɓa kawo mana wani saurayi kurma, mai gyaran babur, kuncinsa ya kumbura har idonsa na dama ya ƙanƙance. Ƙanensa ne ke fassara masa da maganar hannu irin wadda suka saba a gida. Da na miƙa masa takardar Wong da Baker sai ya tsaya a fuska ta uku, ya nuna mai hawayen, ya kaɗa yatsa, ya buga ƙirjinsa. Ƙanen ya yi dariya ya ce: "Likita, cewa ya yi shi ba yaro ba ne da zai yi kuka." Da aka kawo takardar da ba ta da hawaye, bai yi wata-wata ba ya ɗora yatsa a kan ta biyar, wato maki 8. Tun daga ranar na fi son FPS-R ga manya da samari. Na Wong da Baker na bar wa ƙananan yara, su ma da sharaɗin a bayyana musu cewa zafi ake tambaya, ba fushi ko tsoro ba.

Inda wannan hanya take ƙarewa shi ne inda fahimta ta tafi amma ladabi ya rage. Wata jika ta kawo kakarta daga wani ƙauye kusa da Tibiri, tsohuwar ta rame, ba ta gane ƴaƴanta sosai. Na durƙusa na ce: "Inna, ina ne ke miki ciwo?" Ta ce: "Lahiya lau, ɗana." Na ce bakin fa? Ta ce lahiya lau. Da zan tambaye ta sau ashirin, amsar ke nan, domin gaisuwa tana cikin abubuwan da gigin tsufa ke bari sai can ƙarshe. Duk wanda ya rubuta "ba ta jin ciwo" saboda wannan amsa ya zalunce ta.

A nan ne hanya ta biyu take shigowa, wato lura da halin mutum bisa tsararren ma'auni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ido kawai ba ya isa, domin ma'aikata biyu za su kalli fuska ɗaya su yi saɓani. Amfanin ma'auni shi ne ya tilasta wa kowa duba abubuwa iri ɗaya. Ga tsofaffi akwai guda uku da ya kamata a kwatanta. Algoplus, wanda aka tsara a Faransa domin ciwo mai tasowa farat ɗaya, abu biyar yake dubawa: fuska, kallo, koke ko nishi, yadda mutum ke kare jikinsa, da sauyin hali. Kowanne e ne ko a'a, kuma idan an sami e biyu a ɗauka akwai ciwo. Bai cika cin minti ɗaya ba. Doloplus, shi ma na Faransa, abu goma ne, makinsa ya kai 30, ana ɗaukar 5 a matsayin alamar ciwo, kuma yana tambayar barci, wanka, sa tufafi da mu'amala da mutane, saboda haka sai wanda ya san marar lafiyar kwana da kwanaki zai iya cika shi. PAINAD kuwa, wanda aka fitar a Amurka a 2003 domin masu gigin tsufa mai nisa, yana duba numfashi, sauti, fuska, motsin jiki da karɓar rarrashi, maki 0 zuwa 10, bayan kallon kamar minti biyar. A ɗakin haƙori mai cunkoso Algoplus na fi zaɓa, saboda gajarta da kuma kasancewar ma'aikatanmu da Faransanci suka yi karatu. Doloplus ya fi dacewa da wanda aka kwantar a asibiti. PAINAD yana da fa'idar nuna ko ciwon ya ragu bayan magani, abin da amsar e da a'a ba ta nunawa dalla-dalla.

Ga yara ƙanana, gasar tsakanin FLACC ce da EVENDOL. FLACC ya fito daga Jami'ar Mishigan a 1997, yana duba fuska, ƙafafu, motsi, kuka da rarrashi, kowanne daga 0 zuwa 2, kuma an yi shi ne domin yara daga wata biyu zuwa shekara bakwai bayan tiyata. EVENDOL na Faransa ne, daga haihuwa zuwa shekara bakwai, maki 15, ana ba da magani daga 4. Abin da ya sa na fifita EVENDOL a yankinmu shi ne yana ba da maki ga yaron da ya yi lamo, ya daina motsi, ya daina kula mutane. Yaron da ya kwana biyu yana fama da ƙurji, balle wanda tamowa ta riga ta raunana, ba lallai ne ya sami ƙarfin kuka ba, kuma ma'aunin da ya dogara da harbin ƙafa da ihu zai ba shi maki kaɗan alhali shi ne ya fi kowa shan wuya a layin.

Yaran da ke da lalurar ƙwaƙwalwa nasu daban ne. Wanda jijiyoyinsa ke sanƙarewa kullum zai sami maki a wajen ƙafafu ko da ba ya jin komai, wani kuma dariya yake yi ko ya ciji hannunsa idan zafi ya kai masa karo. Shi ya sa aka gyara FLACC a 2006 aka bar gurbin da uwa za ta ƙara alamun da ɗanta ya keɓanta da su. Akwai kuma wani dogon ma'auni na Kanada, NCCPC-R, mai abu 30, wanda ke buƙatar lura ta awa biyu. Ya fi zurfi, amma gaskiya a gida yake da amfani, ba a kujerar likita ba.

Dukkan waɗannan ma'aunai suna da aibi ɗaya wanda ba a cika faɗa ba: tsoro da ciwo kamanninsu ɗaya a fuska. Yaron da aka kwantar a kujera, aka haska masa fitila, ya ga farar riga da ƙarfe a hannu, zai cika maki goma ko da haƙoransa lafiya suke. Haka bugun zuciya da hawan jini, tsoro na ɗaga su kamar yadda zafi ke ɗagawa, don haka ba a yanke hukunci da su su kaɗai. Dabarar ita ce a fara kallon marar lafiya tun yana waje, yaro a bayan uwarsa ko a cinyarta, tsoho a kan benci, kafin ya san ana kallonsa. Sannan a tuna cewa mai shanyewar ɓarin fuska da mai ciwon karkarwa fuskarsu ba ta nuna abin da ke ciki, sai a koma ga hannu da numfashi.

Aibi na biyu shi ne ba don baki aka yi su ba. Ciwon haƙori yakan kwanta ya yi shiru har sai an taɓa shi da sanyi, zaƙi ko tauna. Masu bincike a Holan sun lura da haka suka tsara ma'aunin OPS-NVI, wanda ke kallon mutum a hali huɗu: yana hutawa, yana sha, yana tauna, ana wanke masa baki. Can kuma aka tsara takardar tambayoyin iyaye da ake kira DDQ domin ƙananan yara, wadda ke tambayar ko yaro yana tauna da gefe ɗaya, ko yana ajiye abin daɗin da yake so, ko yana dafe kunci ko ya fashe da kuka a tsakiyar cin abinci, ko yana ƙin a goge masa haƙora. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da gaskiyar ciwon haƙori, kuma ba sai an mallaki takardar ba kafin a yi aiki da hikimarta. Abincinmu ma ya isa kayan gwaji. Wanda ya bar ƙuli-ƙuli, aya, rake ko kilishi ya koma kunu da fura, wanda ya ture ruwan sanyi ya nemi mai ɗumi, wanda ya fara ƙin asuwaki, wanda miyau ya fara dalala masa, duk sun yi magana.

Tsohuwar Tibiri ta haka muka gano nata. Na tambayi jikar me ya sauya, ta ce: "Wallahi likita, tun bayan sallar layya ba ta taɓa goro ba, ita da ko tuwo ta rasa ba ta rasa goro. Mun ɗauka tsufa ne." Aka samo ɗan ɓarin goro aka miƙa mata. Ta karɓa da murna, ta kai baki, ta tura shi gefen hagu da harshe, da ya zame zuwa dama sai ta runtse ido, kafaɗarta ta ɗaga, ta tofar da shi a tafin hannu ta riƙe. Zaune a benci Algoplus bai ba ta komai ba. A wannan daƙiƙar ya ba ta uku.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, shaidar mai jinya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tantance wane ne mai ɗakin. A nan garin wanda ke kawo marar lafiya galibi namiji ne mai abin hawa da kuɗin magani, wanda ya san halinsa kuwa suruka ce ko jika ko uwa da aka bari a gida. Ya kamata a nemi wadda ke ba shi abinci da hannunta, ko da ta waya ce. Kuma tambayar da ta dace ba "yana jin ciwo?" ba ce, sai "me yake yi yanzu wanda da ba ya yi, me kuma ya daina?" Masu jinya sun ƙware wajen gane cewa wani abu ya sauya, amma ba su da tabbas wajen faɗar ƙarfinsa, kuma sukan zo da fassararsu a shirye: iska ce, rigima ce, tsufa ne, haƙori ne ke fito masa. A karɓi abin da suka gani, a ajiye fassarar gefe tukuna. Yaron da ya fara buga kai a bango, ko yake jan kunne ba tare da ciwon kunne ba, a duba turamensa na ƙasa, domin zafinsu yakan harba zuwa kunne.

Hanya ta huɗu ita ce binciken bakin kansa, kuma ita ce babu makawa a kanta. Madubi da fitila suna nuna kogo, karyayyen haƙori, kumburin dasashi, ƙurji mai fitar da mugunya, ko gyambon da haƙori mai kaifi ya yi wa harshe. Ƙwanƙwasa haƙori da gindin madubi yana nuna kumburi a ƙarshen saiwa, kuma ba ya buƙatar magana, ƙiftawar ido ta isa, muddin an fara da lafiyayyen haƙori don a ga yadda mutum ke amsawa idan babu ciwo. Gwajin sanyi da auduga ya fi wuyar fassara, musamman a haƙoran nono da na tsofaffi. Hoton haƙori yana nuna ruɓewa da cin ƙashi, amma ba ya nuna zafi: jijiyar da ta kumbura tana hana barci ba tare da hoto ya nuna komai a saiwa ba, haƙorin da jijiyarsa ta mutu kuma yana iya yin muni a ido alhali ya daina ciwo.

Wannan darasi da kaina na koye shi, a wani wurin da na yi aiki a farkon fitowata. An kawo wani dattijo da ba ya magana, bakinsa da ruɓaɓɓun haƙora har huɗu. Na zaɓi wanda ya fi muni na cire, na sallame su ina ganin na gama. Bayan kwana biyar suka dawo, bai ci ba bai yi barci ba. Ashe mai laifin wani turmi ne da ke kama da lafiyayye, ruɓewar ta ɓuya a tsakaninsa da maƙwabcinsa. Da na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya tun ranar farko ina kallon idonsa, da ban sa shi wahala biyu ba.

Hanya ta ƙarshe ita ce gwajin magani, kuma matsayinta na ƙarshe ne. Idan ana zargin ciwo amma ba a tabbatar ba, ana ba da farasitamol a kan lokaci na kwana biyu ko uku, ana lura ko mutum ya koma cin abinci da barci. Ga yaro miligiram 15 ne a kowane kilo na nauyinsa duk awa shida, ga tsoho kuwa bai kamata a wuce giram 3 a yini ba, kuma ma'aikacin lafiya ne zai tsara. Arha ce, ana iya yin ta a ƙauye, amma tana tabbatar da ciwo ne ba ta nuna mazauninsa, kuma tana iya sa iyali su saki jiki ruɓewa na ci gaba. Tramol da ƙwayoyin masu talla a faranti ba su da gurbi a nan, domin suna sa mutum ya yi luƙus a ɗauka ya warke. Haka nan babu maganar gwaji idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau ido, ko akwai zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya. Wannan na babban asibiti ne a ranar. Haka yaro mai tamowa da dasashinsa ke gyambo yana wari, domin ta haka cutar noma ke farawa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023, kuma cikin ƴan kwanaki take cin kunci.

Idan aka zo zaɓe, abin dubawa shi ne me ya rage wa marar lafiyar. Wanda fahimtarsa ke nan, kamar kurma, baƙon harshe da yawancin masu shanyewar jiki, a tsaya a kan amsarsa da fuskokin FPS-R, kada a fifita ra'ayin ɗan rakiya a kan nasa. Tsohon da gigi ya yi wa nisa, Algoplus ne a lokacin tauna ko shan ruwa, haɗe da shaidar mai ba shi abinci. Yaro ƙasa da shekara bakwai, EVENDOL tun yana jikin uwarsa. Mai lalurar ƙwaƙwalwa kuwa, gyararren FLACC wanda uwarsa ta sa baki a ciki. Kowanne daga cikinsu sai an bi shi da duba baki haƙori bayan haƙori. Sannan duk makin da aka samu a rubuta shi a karnen marar lafiya, wato ɗan littafinsa na asibiti, tare da sunan ma'aunin da halin da aka auna shi, misali "Algoplus 3 cikin 5, lokacin tauna, kafin magani", domin uku a Algoplus ciwo ne da ke neman magani, uku a FLACC kuwa ɗan kaɗan ne, kuma ma'aikacin da zai karɓe shi a mako mai zuwa a Madarunfa ko Gidan Rumji da ma'aunin nan dai zai sake aunawa kafin ya ce an samu sauƙi.